Sabbin Dokokin Haraji a Nijeriya: Matsayin Ma'aikaci da Mai Gidan Haya da Ƙaramin Ɗan Kasuwa

A ranar 26 ga watan Yunin 2025 ne Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya sanya hannu a kan dokoki huɗu da suka sake fasalin haraji a Nijeriya, wato Dokar Haraji ta Ƙasa, da Dokar Gudanar da Haraji, da dokar da ta kafa Hukumar Tara Kuɗaɗen Shiga ta Nijeriya a gurbin tsohuwar hukumar FIRS, da kuma dokar da ta kafa majalisar haɗin gwiwa ta hukumomin haraji na tarayya da na jihohi. Biyu na farko, waɗanda su ne suka taɓa aljihun jama'a kai tsaye, sun fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2026. Mafi yawan muhawarar da aka tafka a kansu ta tsaya ne a kan kaso nawa za a biya da kuma yadda gwamnatoci za su raba abin da aka tara, amma wannan lacca ta karkata ga wani al'amari da bai sami irin wannan kulawa ba, shi ne cewa kusan duk wani rangwame da dokokin suka tanada an ɗaure shi da takarda, alhali kuwa kasuwanci da hayar gidaje a ƙasar Hausa sun fi gudana ne a kan amana da magana ta fatar baki.

Kalmar haraji tana da nauyi na musamman a kunnen Bahaushe, kuma ba za a fahimci yadda aka karɓi waɗannan dokoki a Arewa ba sai an waiwayi tarihinta. Tun kafin zuwan Turawa masarautu suna karɓar kuɗin ƙasa daga manoma, da kuɗin karofi daga marina, da jangali daga masu shanu, sannan Gwamna Lugga ya tattara waɗannan a ƙarƙashin dokarsa ta 1906, aka mayar da su hanyar ciyar da baitulmalin En'e. Tsarin ya dogara ne a kan ƙidayar kawuna da ƙiyasi: mai unguwa ya san magidantan unguwarsa, dagaci ya haɗa, hakimi ya kai gaba, wanda ya kasa biya kuwa yakan sha wulaƙanci ko ya yi ƙaura cikin dare. Saboda haka ne da gwamnonin jam'iyyar PRP, Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979, talakawa suka ɗauki abin a matsayin 'yanci. Da tafiya ta yi tafiya, harajin da ake ɗora wa mutum a kan abin da yake samu ya koma kusan na ma'aikata kaɗai, domin su ne ake cire wa tun daga albashi, ɗan kasuwa kuwa ya fi sanin hukuma ta fuskar tikitin kasuwa da kuɗin rumfa.

Aikin sake fasalin ya faro ne daga kwamitin da aka kafa a 2023 ƙarƙashin Taiwo Oyedele, bisa hujjar cewa harajin da ake tarawa bai kai kashi 11 cikin ɗari na arzikin da ƙasa ke samarwa ba a 2021, ana kuma son ya kai kashi 18. Da aka kai ƙudurorin Majalisar Ƙasa a watan Oktoban 2024, gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka ƙi amincewa da sabon tsarin rabon harajin VAT, wato harajin da mai saye ke biya a kan kaya da ayyuka, wanda aka fara karɓa a 1994 a kan kashi 5, aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 a 2020. Daga baya aka daidaita: an bar harajin a kashi 7.5 maimakon ƙarin da aka so yi, rabon tarayya ya sauka daga kashi 15 zuwa 10, na jihohi ya hau daga 50 zuwa 55, ƙananan hukumomi suka zauna a 35, a tsakanin jihohi kuma ana raba rabi daidai wa daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa wurin da aka yi amfani da kayan. Wannan rigima ce ta gwamnatoci, kuma ta cinye watannin da ya kamata a yi amfani da su wajen wayar da kan mai biya.

Ga ma'aikaci, sauyin farko shi ne na matakan haraji. Abin da ake ɗora wa haraji shi ne ragowar samun mutum na shekara bayan an fitar da abubuwan da doka ta halatta, kamar kuɗin fansho, da na asusun gidaje na ƙasa, da na inshorar lafiya. A sabon tsari, Naira dubu 800 na farko babu haraji a kansu, miliyan 2.2 da ke biye ana ɗaukar kashi 15. Miliyan 9 na gaba kashi 18. Sai miliyan 13 a kan kashi 21. Miliyan 25 a kan kashi 23. Abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25. Ya kamata a lura cewa kowane kaso yana hawa ne a kan yankin kuɗin da ya faɗa cikin matakinsa kaɗai, ba a kan dukkan samun mutum ba, domin rashin fahimtar wannan ne ya sa wasu ke zaton ƙarin albashi na iya jawo musu asara. Mai karɓar albashi mafi ƙanƙanta, wanda aka tsayar a Naira dubu 70 a wata a 2024, ba ya biyan komai.

Sai dai ba a nan gizo yake saƙar ba. A tsohuwar doka akwai wani rangwame na bai-ɗaya da ake yi wa kowa ba tare da ya nema ba, wanda ya ƙunshi Naira dubu 200 (ko kashi 1 na samu idan ya fi haka) tare da kashi 20 na samun mutum, kuma akawun albashi ne ke lissafa shi ba tare da ma'aikaci ya kawo ko da guntun takarda ba. Sabuwar doka ta soke wannan, ta kawo rangwamen haya a madadinsa, wato ana cire kashi 20 na kuɗin hayar da mutum ya biya a shekara daga samun da za a ɗora wa haraji, amma kada abin da aka cire ya wuce Naira dubu 500, ma'ana wanda hayarsa ta haura miliyan biyu da rabi ba ya samun ƙari. A ɗauki misalin ma'aikaci mai albashin Naira dubu 250 a wata, wato miliyan 3 a shekara, wanda ake cire wa dubu 240 na fansho, yana kuma biyan hayar dubu 600. Rangwamensa na haya dubu 120 ne, ragowar da za a lissafa miliyan 2.64, idan aka fitar da dubu 800 na farko aka ɗauki kashi 15 na sauran, harajinsa ya zama Naira dubu 276 a shekara, alhali a tsohon lissafi zai biya kusan dubu 310. Idan kuwa bai gabatar da shaidar haya ba, harajin zai zama dubu 294. Ke nan rasit ɗin hayar nan ya kai darajar Naira dubu 18 a wurinsa, kuɗin da zai iya saya wa iyali wani abu na cefane, kuma kuɗin da ya isa ya sa shi ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar mai gidan da yake haya yana neman takarda.

Akwai wani gurbi a wannan tsari da ya fi shafar Arewa, ko da ba da niyya aka yi shi ba. Mutumin da ke zaune a gidan gado cikin birni, da wanda ya yi shekara goma yana aza bulo a kan bulo daga albashinsa da adashe har ya tare, ba su da haya da za su gabatar, don haka sun rasa tsohon rangwame ba su kuma sami sabon ba. Abin da doka ta tanada ga mai gidan kansa shi ne cire kuɗin ruwan bashin da ya ci domin gina gidan da yake ciki, shi kuwa bashin ruwa abu ne da Musulmi da yawa ke ƙauracewa. Wannan ba ya nufin lallai harajinsu ya ƙaru, tun da dubu 800 na farko sun ɗauke wa masu ƙaramin samu nauyi mai yawa, amma ya nuna cewa waɗanda suka tsara rangwamen sun fi kallon ma'aikacin Legas da Abuja da ke zaune a gidan haya mai yarjejeniya a rubuce.

Mai gidan haya shi ne wanda sauyin zai fi zo wa ta bayan gida, domin babu wani sabon haraji da aka ƙirƙiro masa, amma an kunna fitila a inda yake zaune cikin duhu. Tun a tsohuwar doka kuɗin haya samu ne da ake biya wa haraji, sai dai hukuma ba ta da hanyar sanin wa ya karɓi nawa, musamman inda al'ada ita ce dillali ya haɗa ɗan haya da mai gida, a biya kuɗin shekara a hannu gaban shaidu biyu, a yi addu'a a miƙa makulli. Yanzu duk ɗan hayar da ke son rangwame dole ya bayyana ainihin abin da ya biya tare da bayanan da hukuma za ta nema, kuma kowace takarda da ta isa ofishin haraji da sunan ɗan haya tana ɗauke da labarin mai gida. Da wannan dabara doka ta mayar da ma'aikata masu kawo rahoto a kan masu gidaje ba tare da ta ɗauki ko jami'i ɗaya ba. Mai gidaje huɗu da yake karɓar dubu 750 a kan kowanne, wato miliyan 3 a shekara, idan ba shi da wani samu, kuma ya kashe dubu 400 wajen gyaran rufi da yashe shadda da fenti, za a lissafa masa haraji a kan miliyan 2.6, ya biya Naira dubu 270. Amma ba za a yarda a cire masa dubu 400 ɗin ba sai ya nuna shaidar kashe su, kuma kowa ya san magini da kafinta da mai fenti ba su saba ba da rasit ba, don haka rashin rubuta abin da aka kashe yana iya jawo masa ƙarin dubu 60.

Wani abin da masu gidaje ke yawan ɗauka a matsayin zalunci shi ne harajin da ake riƙewa tun daga tushe, wato idan ɗan hayar kamfani ne ko banki ko ma'aikatar gwamnati, doka ta wajabta masa ya cire kashi 10 na kuɗin haya ya miƙa wa hukuma da sunan mai gida. Wanda ya ba da hayar bene a kan miliyan 1 zai ga dubu 900 ne suka shigo masa. Waɗannan dubu 100 ba su salwanta ba, kafin alƙalami ne na harajinsa, za a kuma ɗebe su daga abin da ake binsa a ƙarshen shekara, muddin yana da lambar haraji kuma ya karɓi takardar shaidar cirewar. Wanda bai damu da karɓarta ba, shi ne ya yi kyauta da kuɗinsa. Hayar gida da sayar da fili ko gini ba sa cikin abin da ake ɗora wa VAT, saboda haka mai gidan da ya ƙara wa ɗan haya kashi 7.5 da sunan sabuwar doka ba shi da madogara. Ribar sayar da kadara kuwa ta sami sauyi babba, domin a da kashi 10 ne a kan kowa, yanzu ana haɗa ta da sauran samun mutum a bi matakan da aka ambata har zuwa kashi 25, in ban da gidan da mutum yake zaune a ciki, wanda doka ta keɓe bisa sharuɗɗa. Tun da ribar ita ce bambanci tsakanin kuɗin saye da na sayarwa, tsohuwar takardar ciniki da aka jefa cikin adaka aka manta da ita ta zama dukiya, haka kuma al'adar rubuta kuɗi ƙasa da na gaskiya a takardar fili domin rage kuɗin rajista za ta dawo ta ciji mai saye ranar da zai sayar.

Batun gado ya tayar da hankali ƙwarai a lokacin muhawara, har malamai suka yi ta magana a kansa a kan mumbari. Abin da ya tabbata shi ne dokar ba ta ɗora haraji a kan rabon gado ba. Amma idan magada suka ba da gidan da suka gada haya, kuɗin hayar samu ne kamar kowane samu.

A ɓangaren 'yan kasuwa, labarin da ya fi yaɗuwa shi ne cewa an yafe wa ƙananan 'yan kasuwa haraji, kuma wannan magana rabinta ce gaskiya. Abin da doka ta yafe wa shi ne ƙaramin kamfani, wanda bisa bayanin kwamitin Oyedele shi ne kamfanin da cinikinsa na shekara bai wuce Naira miliyan 100 ba kuma kadarorinsa na dindindin ba su wuce miliyan 250 ba, maimakon miliyan 25 da aka tsayar a dokar kuɗi ta 2019, banda masu ayyukan ƙwararru irin su lauyoyi da akantoci. Irin wannan kamfani ba ya biyan harajin kamfanoni na kashi 30, ba ya biyan harajin raya ƙasa na kashi 4 da ya maye gurbin harajin ilimi da wasu ƙananan haraji, ba a kuma tilasta masa karɓar VAT daga masu saye. To amma kamfani a idon doka shi ne wanda aka yi wa rajista a hukumar CAC a matsayin mai zaman kansa dabam da mai shi, kuma mafi yawan masu shaguna a kasuwannin Kantin Kwari da Singa da Kurmi da Dawanau ba haka suke ba: wasu sunan kasuwanci kawai suka yi wa rajista, wasu ko wannan babu. Su a wurin doka ɗaiɗaikun mutane ne, ribarsu samun kansu ce, hukumar haraji ta jiha ce ke da iko a kansu, kuma matakan da ake bi wa ma'aikaci su ake bi musu. Mai sayar da atamfa da shadda da ya yi cinikin miliyan 40 ya ci ribar miliyan 4 zai biya Naira dubu 510, maƙwabcinsa mai ciniki iri ɗaya da ya yi rajistar kamfani kuwa kamfaninsa ba zai biya ko sisi ba. Wannan bai isa ya sa kowa ya ruga CAC ba, kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago, domin albashin da mai kamfani ya yanka wa kansa ana ɗora masa haraji, ribar da ya kwasa a matsayin rabon jari ana cire mata nata, ga kuɗin akanta, ga wajibcin miƙa bayanan shekara ko da ba a biyan komai.

Babban haɗarin ɗan kasuwa shi ne rashin rarrabe ciniki da riba a rubuce. Littafin da ake samu a yawancin shaguna na bashi ne, wanda yaron shago ke rubuta wa ya ɗauki bandir nawa da ranar da zai biya, amma kuɗin sari da na mota da na dako da na ciyar da yara da na janareto suna cikin kan maigida. Haka nan asusun banki guda ne ke karɓar kuɗin ciniki, da kuɗin adashe, da amanar ɗan'uwa da ke ƙasar waje yana gini, da gudummawar biki. Doka ba ta ɗora haraji a kan abin da ke cikin asusu, kuma kyauta da amana da bashi ba samu ba ne, amma bankuna suna miƙa wa hukuma bayanan asusun da hada-hadarsu ta kai wani adadi, kuma idan jami'i ya zo da takardar banki mai nuna shigar miliyan 40, a kan mai asusun ne nauyin bayani ya rataya. Wanda ba shi da rubutu, doka ta ba hukuma damar yi masa ƙiyasi, wato ta yanka masa haraji bisa abin da take zaton yana samu, kuma a nan ne sabon tsari yake iya komawa kamar na zamanin dagaci.

Lambar haraji ta zama wajibi ga duk mai samun da ake biya wa haraji, an kuma sauƙaƙa ta yadda lambar NIN ke tsayawa ga mutum, lambar rajistar CAC ga kamfani. Mutum yana miƙa bayanan samunsa zuwa 31 ga Maris na kowace shekara, mai ma'aikata yana miƙa na ma'aikatansa zuwa 31 ga Janairu, kamfani kuma cikin wata shida bayan rufe shekararsa. Ƙin yin rajista yana jawo tarar Naira dubu 50 a watan farko da dubu 25 a kowane wata da ya biyo, ƙin miƙa bayanai kuma dubu 100 a watan farko da dubu 50 a kowane wata, wanda ke nufin ƙaramin kamfanin da aka yafe wa haraji yana iya tara wa kansa bashin dubu 650 a shekara guda saboda sakaci kawai. Naira 50 da ake cirewa a kan taransifar da ta kai dubu 10 tana nan, sai dai ta koma kan mai turawa. A watan Disambar 2025 ɗan Majalisar Wakilai daga Sakkwato, Abdussamad Dasuki, ya yi ƙorafi a zauren majalisa cewa abin da aka buga na waɗannan dokoki a gazet, wato jaridar gwamnati, ya saɓa wa abin da suka zartar, har shugabannin majalisa suka ba da umarnin a sake bugawa, lamarin da bai yi wa doka mai neman gaskiyar rubutu daga talakawa kyau ba ko kaɗan.

Daga cikin abubuwan da suka cancanci yabo akwai ofishin karɓar koke-koken masu biyan haraji, wanda aikinsa shi ne sauraren wanda jami'i ya zalunta da sasanta shi da hukuma ba tare da ya ɗauki lauya ba, ga kuma kotun ɗaukaka ƙarar haraji ga wanda bai gamsu da abin da aka yanka masa ba. Amfanin wannan ofishi ga mai shago a Funtuwa ko Gusau ya dogara ne a kan kusancinsa da kuma harshen da zai yi magana da shi. Sannan nauyin da ɗan tireda da mai kayan gwari da direban babbar mota suka fi kuka da shi ba daga Abuja yake zuwa ba, daga tikitin ƙaramar hukuma ne, da kuɗin allon talla, da kuɗin shara, da shingayen da ake karɓar kuɗi a kan buhun hatsi da dabbobi tsakanin Arewa da Kudu. Kwamitin Oyedele da kansa ya ce nau'o'in harajin da ake karɓa a hukumance sun haura 60, kuma yawancin waɗannan suna ƙarƙashin ikon jihohi da ƙananan hukumomi ne, don haka rage su ya dogara ne a kan majalisun dokokin jihohi su gyara nasu dokokin.